Kukan da ke Cikin Babur ɗin Maharazu

Tasalla ce ta fara jin kukan. Da ta san abin da zai biyo baya, da ta toshe kunnenta ta ci gaba da dakanta.

Babur ɗin na ƙanin mijinta ne, Maharazu, mai fataucin fata da goro tsakanin Illela da ƙasar Faransa da ke tsallaken iyaka. A hannun wani Baturen kamfani ya saye shi a Sakkwato. A wannan zamani, wajen shekara talatin da shigowar Turawa, in ka ɗauke Joji, Baturen mulki da yake zuwa rangadi, ba wanda ya taɓa shiga Illela a kan babur sai shi. Saboda haka Maharazu ya fi kula da ƙarfen nan fiye da yadda yake kula da mutanen gidansa. Ɗakin da yayansa Halliru ya mutu ya bari ma babur ɗin aka share wa. Ita kuwa matar mamacin, Tasalla, da 'yarta Raliya, aka mai da su ɗan ɗakin da ke bayan madafa.

Ran nan da hantsi ya tayar da shi a tsakar gida, ya bar shi yana ɗumama. Tasalla na dakan geron fura, sai ta tsayar da taɓarya ta karkata kai. Tsakaninta da shi da can akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji, don haka ta ce tana dariya, "Maharazu, dokin ƙarhen ga naka ɗan tsako yah haɗiye? Ina jin shina tsuwwa cikinai."

Ya ɗaure fuska ya sunkuya ya kasa kunne. Can ƙarƙashin rugugin inji, ga shi nan kuwa, tsii, tsii, tsii, siriri kamar na tsakon da uwarsa ta tafi ta bari. Ya kashe inji, kukan ya ɗauke. Ya sake tayarwa, shiru, sai da ƙarfe ya yi zafi kukan ya dawo.

Ba abin da bai yi ba. Ya ɗura mai a duk ramin da ya ga mai zai shiga. Ya ɗaure duk ƙusar da ta yarda ta ɗauru. Wani ya ce gyare ne ya shige ciki, aka yi masa hayaƙin barkono har mutanen gida suka fita waje suna tari, gyare bai fito ba. Wani ya ce fetur ɗin Faransa ne ba shi da kyau, ya zubar da rabin garwa ya aika aka sayo na Sakkwato. Maƙerin gari ya zo ya zagaya shi, ya ce shi garma da lauje ya sani. Kukan dai sai ƙaruwa yake yi. In ya ratsa kasuwa, masu zaman rumfa sai su ce, "Ga kazar Maharazu nan tahe." Mutumin da ya saba a miƙe masa, yau shi ake yi wa dariya a bayan hannu, abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ana cikin haka damina ta sauka, zazzaɓi ya kama Ummu, jaririyar Maharazu da matarsa Jamilatu. Zazzaɓin damina ne da ba ya barin gida ko ɗaya a garin. Amma Jamilatu haihuwarta ta fari ke nan, hankalinta ya tashi, kuma mai tsoro ba abin da ba za a sayar masa ba. Mata suka zo dubiya, aka zauna, aka fara lissafin da ba a saka su ba. Wa ya fara jin kukan? Tasalla. Me ta ce ta ji? Ɗan tsako. To, su wa suke ganin kurwar mutum a siffar ɗan tsako in ba mayu ba? Ina danginta? Can wani ƙauye bayan Ƙwanni, ba wanda ya san asalinsu. Mijinta fa, ba lafiyarsa ƙalau ya kwanta ya mutu ba? Kafin a tashi daga zaman nan an gama shari'a: Tasalla ta kama kurwar Ummu ta ɓoye a cikin injin babur, ita ce take kuka.

Ina faɗa da babbar murya, Maharazu bai ƙirƙiri maganar nan ba, amma da ta zo masa da hannu biyu ya karɓe ta. Ta yi masa daɗi. Babur da aka yi wa maita ya fi babur mai tsuwwa mutunci a idon jama'a. Ita kuwa Tasalla ba uba, ba wa, ba miji, kuma katanga inda ta fi gajarta nan ake haurawa.

Ba wanda ya tare ta ya faɗa mata. Da safe dai ta je ɗiban ruwa ta tarar an ɗauke moɗa daga kan randa, an ajiye mata wani tsagaggen tulu a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Jamilatu, lahiya?"

Jamilatu ta juya goyonta ta mai da shi wajen bango. "Lahiya lau, Yaya. Don dai kar ki dinga wahalar zuwa har nan na."

Washegari aka ware mata akushi. Bayan nan aka daina ba ta hannu a girki, wai ta huta. Matar da ta yi wa Jamilatu wankan jego, ta yi ta goyon Ummu har bayanta ya ƙage, yanzu in ta doso sai a ja labule.

Duk wannan Tasalla ta haɗiye. Abin da ya gagare ta haɗiya shi ne na Raliya. Yarinyar ba ta wuce shekara tara ba, ita ke kai tallan furar da suke ci da ita, in ta dawo ta ɗauki allonta ta tafi makarantar Malam Isma'ila. Rannan ta dawo da ƙwarya cike kamar yadda ta fita. Kwana biyu haka. A na uku ta dawo da ƙwaryar a fashe, goshinta ya kumbura.

"Wa yaj jehe ki?"

"Yara na, Inna. Sun ce in rufe idona kar in lashe su." Ta ajiye fasasshiyar ƙwaryar. "Inna, mi a' maita?"

Tasalla ta zauna daɓas a ƙasa. Sai a lokacin tulu da akushi da labule suka haɗu suka zama magana ɗaya a kanta. Kuma ta san abin da kowa ya sani, cewa a wurin mutane maita a nono ake shan ta. In sunan ya zauna a kan uwa, ya zauna a kan 'ya, ya zauna a kan 'ya'yan da 'yar ba ta ko haifa ba. Ba mai sayen abincinta, ba mai ba ta riƙon jariri, ba mai zama kusa da ita a gidan biki har ta shiga kabari. Tasalla ta jawo yarinyar ta rungume, ta ji wani baƙin ciki da bai kama ta ba ko ranar da aka fita da gawar Halliru.

Da la'asar ta tare Maharazu a zaure. "Ni kaka cewa mayya?"

Ya ci gaba da goge tankin babur. "Ni ban ce ba. Mutane ka hwaɗi."

"To ka hita ka ce musu ƙarya ta."

"In rufe bakin gari? Ke ma ki duba mani, Tasalla. Ɗiyata na kwance, ƙarhe na kuka, kuma ke kinka hwara ji. Ni mi zan ce? Ai na yi ƙoƙari, wani da tuni ya kore ku."

Ta je wurin Jamilatu, ita kuma ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, ni ban ce ke ta ba, ban kuma ce ba ke ta ba. Uwa ta ni, tsoro nika ji."

Ta je wurin Malam Isma'ila, don da safen nan an ce wa Raliya ta dakata da zuwa makaranta. Malam mutum ne mai sani, ya san sarai zancen banza ne, ya kuma faɗa mata haka a cikin zaurensa inda ba kowa. Amma ya ce iyayen yara sun yi barazanar kwashe 'ya'yansu, ta yi haƙuri ƙura ta lafa, Allah yana tare da mai haƙuri. Ta ce, "Malam, ka hwaɗi wagga magana bakin masallaci mana." Ya ce komai da lokacinsa. Ta fito tana mamakin yadda gaskiya take da ƙarfi a cikin zaure, in ta zo bakin ƙofa sai ƙafarta ta mutu.

Akwai wata motar kamfani da take zuwa daga Sakkwato ranar kasuwa ta kwashi fata. Mai gyaranta, wani Mukhtari, tare da ita yake tafiya, don ba ta cika kai wa gida ba sai an taɓa ta a hanya. Abokan Maharazu suka matsa masa ya kira shi, ya kira shi ba da son ransa ba. Aka fito da babur ƙofar gida. Tasalla tana bayan zana tana tankaɗe, ba wanda ya lura da ita, don a kwanakin nan an riga an daina ganinta.

Mukhtari ya sa aka tayar da inji aka bar shi ya yi zafi. Da kukan ya fito, ya ɗauki wani dogon ƙarfe ya dafa bakinsa a jikin inji, ya kafa kunnensa a ɗaya bakin. Ya saurara a sama, ya ce ba nan ba. Ya kwance fulogi ya duba ya mayar. Ya taɓa sarƙa, ya leƙa mai, ya matsa nan ya saurara can. A ƙarshe ya tsaya a gefen hagu, inda wani murfin kwano ya rufe faifan ƙarfen da yake juyawa in inji na aiki.

"Maigida, daga nan kukan ka hitowa. Akwai abin da ka gugar faifan ga in shina juyawa. Ba ni sifana in buɗe."

Maharazu ya dafe murfin da tafin hannu. "Ba a buɗe nan."

"Ƙusa huɗu ta kawai."

"Na ce ba a buɗewa. Tun da nis sayi babur ɗin ga, ba hannun da yat taɓa wurin ga sai nawa, sifanar na aljihuna dare da rana. Na duba, ba komi ciki."

Mukhtari ya dube shi, ya dubi murfin, ya goge hannunsa da tsumma. Ya ce shi dai iyakar abin da kunnensa ya ba shi ke nan, mai abu ya fi shi sanin abinsa. Ya koma wurin motarsa. Tasalla kuwa rariya ta tsaya a hannunta. Ba ta san komai game da inji ba, amma ta san mutum, ta kuma san muryar Maharazu tun yana saurayi yana satar mata ƙuli a ɗaki. Muryar da ya yi yanzu irin waccan ce.

Daga ranar ya ƙara tsananta mata. Ya hana ta fita ta ƙofar zaure, sai ta ɓarauniyar hanya ta bayan gida. Ya hana a ba su hatsin da ake auna musu daga gonar Halliru, wai sai ta saki abin da ta kama. Suka koma cin tafasa da 'yar dussa. Raliya ta daina magana, sai ta zauna a lungu tana bin rubutun allonta da yatsa, rubutun da ba wanda zai biya mata shi. A halin nan kuma zazzaɓin Ummu ya sauka, ta kama nono, har tana ɓangala dariya. Jamilatu ta ga haka da idonta, amma ta ja bakinta ta yi gum, ta ci gaba da ɓoye yarinyar a ɗaki, don maigida ya ce kada a ba mayya labarin sauƙi.

Sai dattawan unguwa suka kawo abin da suka kira maslaha. Al'ada ce sananniya: in an kama maye, sai ya tuɓe ya tsallake wanda ya kama, kurwa ta koma jikin mai ita. Tunda kurwar tana cikin babur, to Tasalla ta tsallake babur, an kwantar da jaririyar a gefensa. Maharazu da kansa ya kawo mata saƙon, yana tausasa murya kamar mai ba da kyauta.

"Ɗaga ƙahwa na kawai, Tasalla. In ba ke ta ba, mi zai same ki? Ki tsallake, a wuce wurin, in buɗe muku rumbu, kowa shi huta."

Ta san abin da zai same ta. Wanda ya tsallake ya amsa laifi. Ba a taɓa jin wadda ta tsallake ta sauka a ɗaya gefen ba mayya ba, ko mara lafiya ya tashi ko bai tashi ba. In ya tashi, an ce ta sake shi. In ya mutu, an ce ta riga ta cinye. Ɗaga ƙafar nan guda ita ce za ta rataya wa Raliya sunan har abada.

Ta dube shi ta ce, "To. Amma ba cikin gida ba, kamar ɓarauniya. Bakin kasuwa anka ɓata ni, ranar kasuwa zan yi, ƙohwar gidan ga, gaban kowa."

Ya amince da sauri, har yana murna a ransa. Bai tsaya ya tuna wace mota ce take zuwa ranar kasuwa ba.

Ranar ta zo, hantsi ya ɗaga, ƙofar gida ta cika maƙil. Masu awo sun bar awonsu, Buzaye sun bar raƙumansu, har mutanen da suka tsallako daga Ƙwanni sun tsaya kallo. Aka tayar da babur aka bar shi yana tsuwwarsa, mata suna ta salati suna toshe kunnen 'ya'yansu. Aka shimfiɗa tabarma a gefe, Jamilatu ta kwantar da Ummu tana rufe mata fuska. Malam Isma'ila ma yana nan a bayan mutane, yana jan carbi, shi bai hana ba, shi bai tafi ba.

Tasalla ta fito ta ƙofar zaure, ƙofar da aka hana ta, tana riƙe da hannun Raliya. Ba ta tuɓe ba. Ta ma ci ɗamara ne a kan zanenta kamar mai shirin sussuka. Wata tsohuwa ta ce ta sauke zane, ta ce, "Dakata, Iya, ba gudu zan yi ba."

Ta juya wajen Maharazu, ta ɗaga murya yadda na baya zai ji. "Maharazu, ɗan'uwan mijina, kahin in ɗaga ƙahwa ina da tambaya. Murhin ga na gehen hagu, wa yat taɓa buɗe shi?"

Ya ce, "Wagga ba ita anka taru yi ba."

"Ka hwaɗi ma mutane abin da kac ce ma mai gyara. Ka ce ba hannun da yat taɓa wurin sai naka, sifana na aljihunka dare da rana. Haka na, ko ƙarya nika yi?"

Abokansa da suka ji da kunnensu suna tsaye a wurin, ba halin musu. Ya ce, "Haka na."

"Kun ji ko? Ni ban taɓa buɗe shi ba, da bakinai yah hwaɗi. To, kun ce na ɓoye kurwa ciki. Ko akuya anka ce ta ci wani abu, sai an buɗe cikinta aka gani. Ku buɗe in ga abin da niɓ ɓoye. In kunka buɗe kunka ishe ɗan tsako, ko kunka ishe ba komi, wallahi zan tuɓe in tsallake, in ɗauki ɗiyata mu bar garin ga yau. Amma ba ni tsallake abin da ba a buɗe ba. Ko yanka ni za ku yi, ba ni yi."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Ba don tausayinta ba, kada in yi wa mutane ƙarya, yawancinsu son ganin ƙwaƙwaf ne ya motsa su. Wa zai ƙi ganin kurwa da idonsa? Aka fara cewa, "A buɗe mana!" Wani ya hango Mukhtari a jikin motarsa, aka jawo shi. Maharazu ya fara zufa, yana cewa inji zai lalace, Bature ya hana, ba a buɗe shi da zafi. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Sai a lokacin Malam Isma'ila ya ga inda iska ta juya, ya matso ya ce, "Maharazu, ba da sifana. Shari'a ba ta hukunci kan abin da ba a gani ba." Maganar gaskiya ce, sai dai ta yi lattin wata guda.

Aka kashe inji. Mukhtari ya tsuguna ya fara kwance ƙusa. Ya cire ta farko, ya cire ta biyu. Yana kama ta uku Maharazu ya yi tsalle ya riƙe masa hannu, ya kwarma ihu da muryar da ba a san shi da ita ba: "Kar rana ta gane ta! In rana tag gane ta babur ɗin ga kashe ni zai yi!"

Tasalla ta ce a hankali, "Ta gane wa?"

Mukhtari ya zare hannunsa ya ƙarasa. Murfi ya faɗo, ga abu nan yana reto a jikin wata tsinkakkiyar tsirkiya: laya ce, ƙatuwa, ɗinkin jar fata. Zafin inji ya busar da ita ta yi tauri kamar ƙaho, igiyar da aka ɗaure ta da ita ta saki, gefenta ya kwanta a kan faifan ƙarfen, har faifan ya ci mata rami ya yi sumul yana ƙyalli. Mukhtari ya juya faifan da hannu, layar ta ce tsii. Ya tsinke ta ya ajiye a kan sirdi, ya mai da murfi, ya tayar da inji. Aka jira ya yi zafi. Aka ƙara jira. Ba abin da ake ji sai rugugi.

Maharazu ya shiga kame-kame. Wai wani boka ne ya ba shi ranar da ya sayo babur, saboda bakin mutane. Wai an gindaya masa sharaɗi kada kowa ya gani, kada rana ta sake haska ta. Wai shi bai tabbata ita ce ba. Wai shi tun farko bai ce Tasalla mayya ce ba, mutane ne suka faɗa. Ka ji fa. Tun ranar da mai gyara ya nuna murfin nan ya san inda kukan yake. Ya auna wuyansa da sunan marainiyar yayansa, ya ga wuyansa ya fi nauyi, ya bar jaki ya koma dukan taiki.

Ummu ta gaji da rufin fuska, ta ture zane ta kama wasa da ƙafarta tana gwaranci. Mata suka dubi jaririyar, suka dubi Jamilatu, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Mutane suka fara juyawa za su watse, kowa yana cewa dama shi bai yarda ba. Tasalla ta ce, "Ku tsaya, ba a gama ba. Al'ada kunka kawo mani, to a cika ta. Kun ce wanda yak kama shi ka tsallakewa. Ga wanda yas sa kuka cikin ƙarhen ga." Ta nuna Maharazu da yatsa. "Tsallake, Maharazu. Ɗaga ƙahwa na kawai. In ba kai na ba, mi zai same ka?"

Wani ya tuntsire da dariya, sai wuri ya ɗauka gaba ɗaya. Maharazu ya tsaya kamar an dasa shi. Bai tsallake ba. Ya kama ƙahon babur ya tura shi cikin zaure da ƙafa, layarsa ta zame daga sirdi ta faɗi a ƙasa, rana tana dukanta, ba wanda ya ɗauka.

Tasalla ba ta bi shi ciki ba. Ta ja hannun Raliya ta ratsa taron, mutane suna darewa, ta tsaya a gaban Malam Isma'ila. "Malam, ga ɗalibarka. Ƙura ta lahwa?" Ya ce ta kawo ta gobe. Ta ce, "Yau." Da azahar ɗin nan Raliya ta zauna a gurbinta da allonta, kumburin goshinta bai gama sacewa ba, ta ɗaga murya ta fi kowa.

Ba wanda ya ba Tasalla haƙuri. Jamilatu ta mai da moɗa kan randa a ɓoye, ta ɗauka shi ke nan an biya. Maharazu ya aiko da damin gero ta hannun wani, ta karɓa, ta ce a gaya masa wannan na gonar Halliru ne, ba kyauta ba ce, saura kuma tana jira. Kafin kaka ta kafa 'yar bukkarta a gefen kasuwa, ta kwashe tukwanenta ta fita ta ƙofar zaure da rana tsaka. Furarta ta koma ƙarewa kafin azahar. Akwai dai gida biyu ko uku da ba su ƙara saye ba, don ƙarya in ta shiga gari ba ta fita duka.

Abin da yake ba ni haushi a labarin nan ba Maharazu kaɗai ba ne. Gari guda ya yarda a tuɓe mace a bainar jama'a, amma ba wanda ya ce a kwance ƙusa huɗu sai ita da kanta. Da ta yi irin haƙurin da aka yi ta ba ta, da yau jikokinta suna ɗauke da sunan da ba su san inda aka samo shi ba.

Shi kuwa Maharazu, babur ɗinsa bai sake kuka ba, bai kuma kashe shi ba. Amma babur ba a hawansa sai an ɗaga ƙafa an ƙetara sirdi. Kullum da safe in ya fito da shi ƙofar gida, sai ya tsaya ya waiga dama ya waiga hagu. Masu zaman rumfa suna nan suna jira, ba sa gajiya. Da ya ɗaga ƙafa sai su haɗa baki su ce, "Ya tsallake!" Daga can gefen kasuwa Tasalla tana jin su, ba ta ko ɗaga kai, sai ta ci gaba da dakanta.